Liƙin Kulu, Sunan Modi

Ku yaran gareji na yanzu, na ji abin da kuke faɗi. Wai gyaran lagireto ba sana'a ba ce, kusoshi fuɗu ne ka kwance, ka jefar da tsohon, ka ɗora sabo na roba. To wannan ba gyara ba ne, sauyin riga ne. Ni ce Kulu, matar marigayi Malam Modi mai lagireto na bakin tashar Tambuwal. Na yi shekara fiye da ashirin ina liƙin lagireto da wankin giyabos a tsakar gidana, kuma babu ɗayanku da ya taɓa jin sunana a kan wannan aiki. Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka kada wanda ya tsaya duba mini ƙa'idar rubutu. Ku karanta kawai.

Lagireto na farko da na taɓa da hannuna na wata motar ɗaukar shanu ne. A lokacin idon Modi ya fara tafiya. Hayaƙin ruwan batir da hasken wutar walda ta kabaid sun daɗe suna cin sa, yana ɓoyewa. Ranar sai ga shi ya shigo cikin gida da lagireton a kafaɗa, ya jingina shi da turmi. Na duba, na ga ya zuba dalma a kan lafiyayyen bututu, ramin kuma yana gefe a buɗe, ko ni da ban san komai ba ina ganin sa.

Ya ce, "Kulu, zo ki zama idona."

Na ce, "Da wanga hannu na tuwo?"

Ya ce, "Shi nika so. Ya saba da wuta. Riƙe nan."

Haka na shiga sana'a, ba shago, ba maigida sai mijina, ba ranar yaye.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma har yau suna nan cikin wani tsohon kwando. Guntun jan ƙarfe mai kan gatari da mariƙin itace, wanda ake gasawa a garwashi. Sandunan dalma. Kwalbar ruwan batir da aka kashe wa kaifi, ana shafa shi da tsinke don dalma ta kama. Sifokin keke da na daddale da guduma har ya yi faɗi ya yi laushi. Famfon keke, rabin duro, da robar cikin taya don toshe baki. Lagireton zamanin da, tagulla ne da jan ƙarfe, tanki a sama, tanki a ƙasa, siraran bututu a tsakani. In ya toshe, sai ka narkar da dalmar tankin sama ka ɗauke shi, ka bi bututun ɗaya bayan ɗaya da sifoki. In ka matsa da ƙarfi ka huda shi. In ka ji tsoro ka bar datti. In ƙarfen liƙi ya yi zafi da yawa, kana rufe rami ɗaya na kusa da shi yana buɗewa. Ni kusa da kumatuna nake kawo ƙarfen in ji zafinsa. In an gama, a toshe bakuna, a hura iska da famfo, a nutsa shi cikin duro, a tsuguna ana kallon ruwa. Kumfa ɗaya, ko ta kai ƙanƙantar ƙwayar gero, ta ce ka koma farko.

Abu ɗaya ni na kawo shi, ba Modi ba. Farin dutsen nan da ruwan rijiya ke bari a cikin bututu, irin wanda ke kama gindin butar shayi, shi da ɗanyen ruwan batir yake cinye shi. Ruwan batir kuwa yana cin dattin ya haɗa da tagullar. Na ce mishi kowace mace ta san abin da tsamiya ke yi wa tasa. Na jiƙa tsamiya mai kauri, na cika lagireto da ita na bar shi a rana. Da na zubar, dutsen ya fito kamar tsaki. Bayan wata biyu aka fara cewa a tasha Malam Modi ya samo wani magani daga Ikko.

Ga yadda muke yi. Modi yana zaune a zaure kan buzunsa. Direba ya kawo aiki, ya shafa shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce a dawo jibi. Direba na juya baya, ya turo shi ta ƙofar ciki. Ni in yi aikin tsakanin girki da wanki, in turo mishi. Shi ya miƙa, shi ake yi wa godiya. Kada ku ce an yaudari wani. Mutumin da ake ja wa sanda zuwa masallacin Juma'a ba ya liƙin bututu, kuma duk tashar Tambuwal ta san haka. Suna jin ƙarar guduma daga bayan katanga shi yana zaune a gabansu hannu a kan gwiwa. Ba wanda ya taɓa tambaya. Aikin mace ba ya damun su, muddin namiji ne zai miƙo musu shi.

Motar da ta fi daɗewa a hannuna wata akori-kura ce 'yar Faransa, ta tsohuwar ƙira, mai giya a jikin sitiyari. Ta Alhaji Dikko ce na Kebbe, tana ɗaukar shinkafa da albasa da 'yan kasuwa tsakanin Kebbe da Tambuwal. Ta girmi babban ɗana. Direbanta Ladan taubashina ne, ɗan kawuna, don haka shi kaɗai cikin direbobi yake shigowa har tsakar gida. Daga bakin ƙofa yake farawa.

"Ina baiwata? Fito ki gaida ubangijinki."

"Ubangiji da warin gumi? Mi ka kashe yau?"

"Ba ni na ba, ita ta. Tun daga rafi taka tafasa."

"Ruwan mi ka ba ta?"

"Ruwa dai."

"Na kududdufi, har da 'ya'yan kwaɗi. Bawan banza, Allah Ya haɗa ka da mota mai baki ta kai ƙararka."

Saboda motar nan na ware randa biyu ina tarar ruwan sama daga indararo duk damina, don shi ba ya barin dutse. Ni na hana Ladan toshe bakin lagireto da totuwar masara lokacin da murfin ya ɓace, na sa ya tafi har Sakkwato ya nemo mai sifirin. Ni na koya mishi in ta tafasa kada ya watsa mata ruwan sanyi, ya juya hancinta wajen iska ya jira, ko fasinja za su zage shi har kakanni. Yana ji, don ya ga motocin da suka zo tare da ita duk sun zama ɗakin kaji.

Giyabos ɗinta na fara buɗewa wata shekara da giya ta biyu ta riƙa fita da kanta a kan gangara. Makanikan tasha suka sauke shi, Ladan ya turo shi a amalanke. Ban iya karatu ba a lokacin, kuma ko na iya babu takardar da zan duba. Sai na shimfiɗa tabarma, na ɗaure awaki, duk abin da na zare in ajiye shi kusa da wanda ya riga shi, fuskarsa na kallon inda take kallo a ciki, kamar jeren kwanukan ɗaki. In wanke kowanne da kananzir, in bi haƙoran da farce, in juya boris, zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, kusa da kunne. Mai lafiya shiru yake juyawa, wanda ya gaji yana ƙuskus kamar an zuba mishi yashi. Daga nan duk lokacin sauya mai, Ladan ya taro mini tsohon man a farin faranti, in kai shi rana in karkata. In ƙyalli ja-ja na gani, zoben tagulla ne ke cinyewa, wannan da sauƙi, shekaru ne. In fari ne mai walƙiya, ƙarfe ke cin ƙarfe, a sauke. Ku da kuke cewa aikin ba wuya, wa ya taɓa kallon mai a rana a cikinku?

Sai muguwar shekara ta zo. Modi ya rasu ana cikin girbin gero. Ba a yi nisa ba Alhaji Dikko ya kwanta ciwon ɓarin jiki, harkokinsa suka koma hannun ɗansa Bello. Na shiga takaba. Zaure ya zama babu kowa, aiki kuma ya ɗauke ɗif. Direbobin da suka shekara ashirin suna hawa kan liƙina suka zo gaisuwa, suka tsaya a waje suna cewa, "An yi rashi, hannun Malam Modi ya tafi, yanzu sai Jega ko Sakkwato." Ina jin su ta katanga. Garwashina bai ko huce ba.

Na ce a raina akwai akori-kurar Kebbe. In ta ci gaba da shigowa, kowa na ganin ta lafiya bayan Modi yana ƙasa, dole bakinsu ya faɗi abin da idonsu ya sani. Mota ɗaya ta ishe ni in tsayar da sana'ar da sunana. Amma duk tsawon takabar ba ta zo ba. Bello ya ce ba a kai ƙarfe gidan makoki.

Bayan na fita takaba, cikin bazara, sai ga Ladan da lagireton a bisa kai. Bai yi kirarin baiwa ba. Ya ajiye shi ya koma gefe. Na buɗe murfin, wari ya buge ni.

"Ladan, mi kunka zuba?"

"Ta fara yoyo ne a hanya. Na sa mata garin kuka cokali guda, don mu kai gida."

"Cokali guda wanga?"

"To, da ya sake, anka ƙara. Sannan wani a tasha ya ce ɗanyen ƙwai ya fi. Sannan garin taba."

"Saura daddawa da gishiri, sai a kira mutanen Kebbe da tuwonsu."

Bai yi dariya ba. Ya ce Bello ya ba da wa'adi. In motar ta iya kwashe shinkafar rani, za ta zauna. In ta kasa, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun zo sun zagaya ta.

Ban taɓa yin aiki irin wannan ba. Dabarar garin kuka kowane direba ya san ta, ta isa gida ce kawai, a sauke a wanke. Su wata da watanni suna ciyar da ita. Da na ɗauke tankin sama, abin da ke ciki ya dafu ya sake dafuwa har ya zama kamar ƙanzo. Tsamiya ba ta cin wannan. Na tafasa ruwan toka na yi ta ɗurawa, ina bin bututun da sifoki, wasu sai na yi wuni a kansu. Waɗanda suka ruɓe na matse su na kashe. Na sake dalmar tankunan duka biyu. Yatsuna suka tsattsage, ina cin tuwo da cokali. Da na nutsa shi a duro, na tsuguna har ƙafafuna suka mutu. Ruwa bai motsa ba.

Ranar da ya zo ɗauka, Ladan ya ce, "Ko banza mun huta ta gefe guda. Giya ta bar gurnani."

Na ce, "Ta yi gurnani?"

"Tun sanyi. Amma wani bakanike ya yi mata magani, yanzu shiru."

Giyabos ba ya warkewa da kansa. Na ce ya je ya taro mini man. Ya kawo a faranti, bai ko gudana. Na murza shi tsakanin yatsu. Garin katako ne aka kwaɓa da giris aka ɗura, abin da dillalai ke yi wa motar da za su sayar wa baƙo. Yana cika tsakanin haƙora ƙarar ta mutu, yana kuma toshe hanyar da mai ke bi ya kai ga boris. Na kai farantin rana. Fari fat, yana walƙiya.

Na ɗauki mayafina na fita da farantin a hannu. Ranar ce farkon shigata tashar da na shekara ashirin ina yi wa aiki. Bello na zaune kan benci a rumfar mai shayi, direbobi kewaye da shi.

Na ce, "Bello, a sauke giyabos ɗin motag ga. In ta ɗauki kaya haka, ba ta kai."

Ya dubi farantin, ya dubi mutane. Ya ce, "Inna, sannu da fita takaba. Wa ya aiko ki?"

"Ba a aiko ni. Ni ka buɗe shi tun kana tsallen kwata."

"Mu dai Malam Modi munka sani."

"Malam Modi bai ga tafin hannunai ba shekara ashirin. Ga direbobi nan, tambaye su."

Na bi su da ido ɗaya ɗaya. Wannan ya hura shayinsa, wannan ya sunkuya yana gyara takalmi. Wani dattijo da na ceci motarsa daga tafasa ba sau ɗaya ba ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki koma gida. Nan wurin maza na."

Bello ya ce, "Lagireto anka kai gidanki, don zumuncin Ladan. Mota shiru taka yi, ke kina son a buɗe ta ana tsakar kaya. A ɗaura lagireto a tafi."

Aka ɗaura, aka tafi. Ta yi sawu biyu. A na uku, da buhunan shinkafa har saman ƙarfe, ta shiga yashin wani rafi tsakanin Kebbe da Tambuwal, Ladan ya sa giya ta ɗaya ya taka, giyabos ya kama ya tsage. Ya gaya mini daga baya cewa da ya ɗaga bonet, don sabo, ya ɗora hannu a kan lagireto. Ɗumi kawai, kamar goshin mai lafiya.

Kafin la'asar labari ya gama tasha. Ba a ce garin katako ba. Ba a ce bakaniken da ya ɗura shi ba, yana nan har yau da yaransa. Cewa aka yi, motar da ta yi shekaru lafiya a hannun Malam Modi, mace ta taɓa ta sau ɗaya ta mutu. Na aika aka kira mini Ladan.

"Kai ka taro man. Kai ka ga farantin. Ka buɗe baki?"

Ya ce, "Kulu, Bello ya ce zai ba ni bas. Ina da iyali."

Na ce, "Tashi ka tafi."

Tun daga ranar bai sake kira na baiwa ba, ni ma ban sake zagin sa ba. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza.

'Yan gwangwan suka janye motar. Ba wanda ya sake kawo mini lagireto. Ba da daɗewa ba na roba suka cika kasuwa, waɗanda in sun fashe sai bola. Yanzu bokiti nake liƙewa, da mazurari, da kwanon sha, matan unguwa ke kawowa. Su ba su buƙatar namiji a zaure.

Bara na hau kabu-kabu na je Jabo wurin ɗiyata da ta haihu. Na ɗauki dawa na kai niƙa da kaina, don zaman ɗaki na gundura ta. Injin na wani magidanci ne mai fara'a. Ina cikin layi sai idona ya faɗa kan abin da ya ɗaura wa injin a madadin duron ruwa. Lagireto ne na tagulla, an ɗaure shi da waya a jikin bango. Na matsa. Ga bututun da na matse, ga layin dalmar. Ashe 'yan gwangwan sun ga ya fi ƙarfin narkarwa, suka sayar da shi a yadda yake.

Mai injin ya ga ina kallo. Ya rage wuta ya ce, "Inna, kin ga aiki ko? Na Malam Modi na, na Tambuwal. Makaho na fa, amma dubi liƙi. Tun da na ɗaura shi ko ɗigo. Ba a sake yin irinai ba."

Na ce, "Modi na kabari sa'ad da anka yi wanga liƙi. Ni na yi shi."

Ya bushe da dariya, ya juya wajen matan da ke layi. "Kun ji Inna! Allah Ya bar mana tsofaffi. Kawo dawarki, mai laushi ko tsaki?"

Na miƙa mishi. Yana niƙa ina duban lagireton. Ya manna shi da bango, iska ba ta ratsa shi, garin niƙa kuma ya cika tsakanin bututun ya fara dunƙulewa. A haka ba zai kai wata bazarar ba.

Na ce, "Ka janye shi daga bango kamu ɗaya. Kuma duk in ka tashi aiki, ka share tsakaninai da gashin kaza."

Ya ce, "Ai lafiya lau yake, Inna." Sai kuma ya tsaya, ya dube ni. "Ko kin san marigayin? Shi ya ce a riƙa yin haka?"

Na dubi lagireton.

Na ce, "Shi ya ce."

Ya ce, "To in Malam Modi na, an gama." Nan take ya kashe injin, ya fara kwance wayar, yana tambayar matan layi wa ta yanka kaza a gidanta.

Na ɗauki garina na fito.